Karkatar da Ruwa Daga Wani Kwari Zuwa Wani: Ma'anarsa da Misalansa da Batun Tafkin Cadi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce ruwa abokin aiki, domin babu wata sana'a ta ɗan'adam da take tafiya ba tare da shi ba. Sai dai ruwan bai rabu daidai wa daida a bayan ƙasa ba. Akwai yankunan da ambaliya ke korar mutane daga gidajensu kowace damina, akwai kuma waɗanda mata da yara ke yini guda suna neman abin da zai cika tulu. Sau da yawa a cikin ƙasa ɗaya ake samun wannan bambanci. A Nijeriya, alal misali, ruwan saman da ake samu a gaɓar teku yakan haura milimita 2,500 a shekara, alhali a kewayen Tafkin Cadi da wuya ya wuce milimita 600. Wannan ne ya sa tun zamanin da mutane ke tunanin ɗebo ruwa daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. A wannan babi za a yi bayani a kan manyan ayyukan karkatar da ruwa. Za a dubi ma'anarsu da yadda ake gudanar da su, sannan a kawo misalai daga ƙasashe daban-daban, kafin a tsaya a kan shawarar da aka daɗe ana yi ta kawo ruwa daga kwarin Kogin Kwango zuwa Tafkin Cadi.

2.0 Ma'anar Karkatar da Ruwa

Kafin a fahimci ma'anar wannan aiki, wajibi ne a san abin da ake nufi da kwarin kogi. Kwarin kogi shi ne ɗaukacin faɗin ƙasar da duk ruwan da ya sauka a cikinta yake gangarawa zuwa kogi ɗaya ko tafki ɗaya. Tsakanin kwari da kwari akwai tudun da ya raba su, wanda za a iya kira tudun-raba-ruwa. Tsaunukan Jos misali ne mai kyau, domin daga cikinsu ne wasu koguna suke gangarawa zuwa Kwara, wasu zuwa Binuwai, wasu kuma su nufi Tafkin Cadi.

Ke nan, karkatar da ruwa shi ne ɗaukar ruwa mai yawa daga wani kwari, a tsallaka da shi wannan tudu ta hanyar da ɗan'adam ya gina, a zuba shi a wani kwari ko wani gari mai nisa da yake da buƙata. Abubuwa uku ne suka bambanta shi da aikin ban-ruwa na yau da kullum. Na farko shi ne yawan ruwan, wanda akan auna da miliyoyi ko biliyoyin kyubik mita a shekara. Kyubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato kimanin duro biyar. Na biyu shi ne nisan tafiyar, wanda yakan kai ɗaruruwan kilomita. Na uku kuwa, wanda shi ne mafi muhimmanci, ruwan da aka ɗauke ba ya komawa kogin da aka ɗebo shi. Saboda haka duk aikin karkatar da ruwa yana da ɓangare biyu, wato masu bayarwa da masu karɓa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Rumawa sun gina hanyar ruwansu ta farko zuwa birnin Rum a shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa. Haka kuma Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta sa an janyo ruwa daga duwatsun da ke gabas da Makka domin mahajjata, aikin da har yau ake kira da sunanta. Abin da zamani ya ƙara shi ne girman aikin da ƙarfin injuna.

3.0 Yadda Ake Gudanar da Aikin

Yawancin waɗannan ayyuka suna da sassa huɗu. Da farko akan gina madatsar ruwa a kan kogin da za a ɗiba, domin a tara ruwan damina a riƙa sakinsa a duk tsawon shekara. Daga nan sai hanyar da ruwan zai bi, wadda kan kasance buɗaɗɗiyar magudana da manoman rani ke kira kanal, ko manyan bututai da aka binne, ko ramin da aka huda ta cikin dutse. Sashe na uku shi ne abin da zai tafiyar da ruwan. Idan mafarin ya fi makomar tudu, ruwan zai gangara da kansa. Idan kuwa hawa za a yi, dole sai an kafa tashoshin injunan turo ruwa, waɗanda ke cin wutar lantarki dare da rana. Na ƙarshe shi ne matattarar da za ta karɓi ruwan, tare da matata da bututan rarrabawa.

Kowace hanya da nata aibu. Buɗaɗɗiyar magudana ta fi sauƙin kuɗi, amma rana na shanye wani kaso na ruwan, ƙasa ma na tsotse wani. Bututu yana hana wannan asara, sai dai yana da tsada, kuma idan ya fashe gari guda na iya kwana da ƙishirwa.

4.0 Misalai Daga Wasu Ƙasashe

4.1 Ƙasar Sin

Aikin karkatar da ruwa mafi girma a duniya shi ne na ƙasar Sin, wanda ke kai ruwan kudanci zuwa arewaci. Kimanin kashi huɗu cikin biyar na ruwan ƙasar yana kudanci ne, a kwarin Kogin Yangtze da abin da ya yi kudu da shi, alhali birnin Beijing da manyan gonakin alkama suna arewa. Shugaba Mao ne ya fara furta shawarar a shekarar 1952, amma ba a fara gini ba sai a 2002. An tsara hanyoyi uku. Ta gabas ta fara aiki a 2013, kuma tana bin tsohuwar magudanar da sarakunan da suka haƙa, ana tura ruwan da injuna hawa-hawa. Ta tsakiya ta fara aiki a watan Disamba na 2014. Tana ɗibar ruwa daga madatsar Danjiangkou da ke kan Kogin Han, ya gangara da kansa ta hanyoyin da tsawonsu ya haura kilomita 1,400 zuwa Beijing da Tianjin. Ta yamma, wadda za ta ratsa manyan tsaunuka, ba a gina ta ba tukuna.

Aikin ya biya buƙata, domin mafi yawan ruwan famfon da ake sha a cikin birnin Beijing daga wannan hanya yake zuwa. Amma kafin a cim ma haka sai da aka ƙara wa madatsar tsawo, aka tashi mutum fiye da 300,000 daga garuruwansu. Har ila yau, saboda ruwan Kogin Han ya ragu, sai da aka haƙa wata magudanar daga Yangtze domin a cike masa gurbi.

4.2 Libiya

A Libiya ba daga kogi ake ɗebo ruwan ba, daga ƙarƙashin hamada ake haƙo shi. Masu neman man fetur ne suka ci karo da wannan ruwa a kudancin ƙasar a shekarun 1950. A 1984 aka fara shimfiɗa bututai masu faɗin mita huɗu daga rijiyoyi sama da 1,000 zuwa biranen gaɓar teku, kuma ruwan ya isa Tarabulus a 1996. Matsalar ita ce ruwan ya taru ne tun dubban shekaru, lokacin da Sahara ke samun damina, kuma abin da aka ɗiba ba ya mayuwa. Bugu da ƙari, tun daga yaƙin 2011 an sha lalata rijiyoyi da tashoshi, an kuma sha rufe bututun domin matsa wa hukuma lamba.

4.3 Lesoto da Afirka ta Kudu

Wannan misali ne na ciniki tsakanin ƙasashe biyu. A 1986 suka ƙulla yarjejeniya cewa Lesoto, ƙaramar ƙasa mai tsaunuka da yawan ruwa, za ta riƙa tura ruwa zuwa Kogin Vaal domin amfanin birnin Johannesburg da masana'antunsa. An gina madatsar Katse mai tsawon mita 185, aka huda ramuka ta cikin duwatsu. Lesoto na karɓar kuɗin ruwan, tana kuma samun wutar lantarki daga gare shi. Duk da haka mutanen ƙauyukan da aka tasa sun daɗe suna kuka a kan diyya, kuma a 2002 kotu ta ɗaure tsohon shugaban hukumar aikin bisa laifin karɓar rashawa daga kamfanonin ƙasashen waje.

4.4 Tekun Aral

Idan ana neman misalin ɓarnar da karkatar da ruwa kan jawo, to Tekun Aral ne a kan gaba. A 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000, kuma shi ne tafki na huɗu a girma a duniya. Hukumomin Tarayyar Sobiyat suka karkatar da kogunan nan biyu da ke ciyar da shi, wato Amu Darya da Syr Darya, domin noman auduga. Cikin shekara arba'in mafi yawan tafkin ya ƙafe, kifi ya mutu saboda gishiri, jiragen ruwa suka kafe a kan rairayi, iska kuma ta riƙa kwasar ƙurar gishiri da ragowar maganin ƙwari tana watsawa a garuruwa.

5.0 Abin da Aka Gani a Nijeriya

Birnin Abuja na cin moriyar irin wannan aiki. Da jama'arsa suka yi wa madatsar Usuma yawa, sai aka gina wata madatsar a kan Kogin Gurara a Jihar Kaduna, aka shimfiɗa bututu mai tsawon kimanin kilomita 75 domin ƙara wa Usuma ruwa.

Darasin da ya fi kusa da ƙasar Hausa kuwa yana kwarin Haɗeja. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Ko da yake ba wani kwari dabam aka kai ruwansu ba, sun nuna abin da ke faruwa idan aka taɓa tafiyar kogi. Manoman Kadawa da Kura sun sami noman rani na shinkafa da alkama da tumatir, birnin Kano ya sami ruwan sha. Amma a can ƙasa, a dausayin Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da masunta da makiyaya da manoman fadama suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Tsoron sake faruwar haka yana cikin dalilan da suka sa jihohin Yobe da Barno suka yi adawa da madatsar Kafin Zaki da ke kan Kogin Jama'are, wadda aka fara amma ba a kammala ba.

6.0 Batun Tafkin Cadi

6.1 Yadda Tafkin Ya Janye

A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Tafki ne marar zurfi, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan kogunan da ke shiga cikinsa daga Shari da Lagon yake zuwa, waɗanda mafarinsu ke Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Kamaru. Rabon Komadugu Yobe kaɗan ne. Zafin yankin na shanye ruwa mai kaurin kimanin mita biyu daga saman tafkin a kowace shekara. Idan aka yi lissafi za a ga cewa tafki mai wancan faɗi yana buƙatar kimanin kyubik mita biliyan 50 a shekara kafin ya tsaya yadda yake. Da farin farkon shekarun 1970 ya zo, na 1983 zuwa 1985 ya biyo baya, ruwan Shari ya ragu da kusan rabi. Tafkin ya rabu gida biyu a 1973, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1980 kusan kashi 90 cikin ɗari na faɗinsa ya tafi.

Abin ya taɓa rayuwar jama'a ƙwarai. Garuruwa irin su Ngigmi a Nijar da Baga a Nijeriya, waɗanda da suke bakin ruwa, sun wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Babban shirin noman rani na kudancin tafkin da aka kafa a yankin Marte ya durƙushe, domin magudanar da aka haƙa ta daina kai wa ga ruwa. Masunta, ciki har da Hausawa masu yawa, sun bi ruwa har suka kafa ƙauyuka irin su Darak a cikin ƙasar Kamaru, abin da ya shiga cikin shari'ar kan iyaka da Kotun Duniya ta yanke a 2002.

6.2 Shawarwarin da Aka Kawo

Hukumar Tafkin Cadi, wadda Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa a 1964, ita ce ke riƙe da wannan batu. Shawara biyu ce ta fi fitowa fili. Ta farko ita ce Transaqua, wadda wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ya tsara tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Tsarin shi ne a haƙa magudana mai tsawon kimanin kilomita 2,400 daga gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta tare rassan da ke shiga Kogin Kwango ta hannun dama, ta ratsa Afirka ta Tsakiya, ta zuba a Kogin Shari. A tsarin farko an yi maganar kyubik mita biliyan 100 a shekara, wato kimanin kashi takwas cikin ɗari na abin da Kogin Kwango ke zubarwa a teku. An ƙiyasta kuɗin aikin a kan dala biliyan 50. Shawara ta biyu ta fi ƙanƙanta, wato a datse Kogin Ubangi a Palambo, a tura wani kaso na ruwansa zuwa Shari. A taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a watan Fabrairu na 2018, mahalarta sun fifita Transaqua. Duk da haka ba a fara haƙa ba.

6.3 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu goyon baya suna cewa ruwan da ake magana a kai teku yake tafiya, alhali miliyoyin mutane a yankin Sahel na cikin ƙunci. A ganinsu aikin zai farfaɗo da su da noma, ya samar da wutar lantarki da hanyar jiragen ruwa, ya kuma rage zaman banzan da ke jefa matasa a hannun masu tayar da ƙayar baya, musamman tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009.

Masu adawa kuwa suna da hujjoji huɗu. Ta farko, ruwan yana da masu shi. 'Yan siyasa da masana na Kwango sun fito fili sun ƙi amincewa, suna tsoron abin da zai sami madatsun lantarki na Inga da kifin kogin da dazuzzukansa. Haka kuma Kogin Ubangi da kansa yakan yi ƙasa da rani har jirage su kasa isa Bangi. Ta biyu, hanyar za ta bi ta yankunan da ke fama da yaƙi. Sudan ta ga irin wannan, domin magudanar Jonglei da aka fara haƙawa a 1978 ta tsaya a 1984 saboda yaƙin basasa, bayan an ci kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Ta uku, binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba tun daga shekarun 1990, har ma ya ɗan farfaɗo, kuma a 2022 da 2024 ambaliya ce ta addabi yankin. Ta huɗu, ƙasar da ruwan ya janye ya bari ta zama gonakin masara da wake da wurin kiwo mai albarka. Idan aka cika tafkin, waɗannan gonaki ne za su fara nutsewa, kuma dole a tambayi ina masu su za su nufa.

7.0 Ma'aunin da Ya Kamata a Yi Amfani da Shi

Daga misalan da suka gabata za a iya fitar da wasu tambayoyi da ya dace a amsa kafin a fara irin wannan aiki. Shin ruwan da za a ɗiba rara ce ta gaskiya, har a shekarar fari? Shin masu bayarwa sun yarda, kuma an fayyace abin da za su samu? Wa zai biya kuɗin gyara da na wutar injuna bayan an gama biki an watse? Wane tanadi aka yi wa waɗanda za a tasa, da kuma cututtuka irin su tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da ke bin ruwan da ke kwance? Sannan, shin an gwada hanyoyin da suka fi sauƙi? Daga cikinsu akwai toshe bututan gari masu yoyo, da daɓe magudanun noman rani da siminti, da ban-ruwa na ɗigo, da tara ruwan sama, da sakin ruwan madatsu a kan lokacin da ya dace da buƙatar na ƙasa. Sau da yawa ruwan da ake asara a gida ya kai wani babban kaso na wanda ake shirin ɗebowa daga nesa, kuma da ruwan ciki akan ja na rijiya.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa karkatar da ruwa na iya raya birni, kamar yadda ya faru a Beijing da Johannesburg da Abuja, yana kuma iya kashe tafki sukutum, kamar yadda ya faru a Aral. An ga kuma cewa a kowane misali akwai wanda ya biya farashi, ko dai mutumin da aka tasa daga ƙauyensa, ko masuncin da ke ƙasan kogi, ko zuriyar da za ta tarar an kwashe ruwan ƙarƙashin ƙasa. Batun Tafkin Cadi yana nan a buɗe, kuma ɗaliban da malamai masu tasowa za su koyar a Barno da Yobe da Jigawa da Difa suna cikin waɗanda hukuncin zai shafa. Saboda haka ya kamata malamin Hausa ya iya bayyana wannan batu da harshen da ɗalibansa ke ji, ya kuma horar da su su saurari hujjar kowane ɓangare kafin su yanke hukunci.

Tambayoyi

1. Mene ne kwarin kogi? Kawo misali daga yankinku.
2. Bayyana abubuwa uku da suka bambanta karkatar da ruwa da aikin ban-ruwa na yau da kullum.
3. Kwatanta aikin ƙasar Sin da na Libiya ta fuskar mafarin ruwan da kuma ɗorewarsa.
4. Wane darasi za a koya daga madatsun Tiga da Calawa?
5. Tsara muhawara ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a kan shawarar kawo ruwan Kwango zuwa Tafkin Cadi, tare da hujjoji uku ga kowane ɓangare.